Harsashi ya shiga bindiga ba shi ke nuna nata ne ba

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi gyara ga wata magana da na sha ji a bakin 'yan jarida, har da wasu manyanmu masu sayo wa jami'an tsaro kayan aiki, cewa muddin lambar harsashi ta zo ɗaya da ta bindiga, shi ke nan. Ni tsohon soja ne, kuma rabin aikina a filin koyon harbi na yi shi. Maganar ba haka take ba.

Duk wanda ya ɗaga bututun bindigar soja ya leƙa ta wajen haske zai ga wasu tsagogi sun murɗe daga gindi har baki. Adakar maharbanmu ba ta da su. Su ne ke murza harsashi kamar yadda yaro ke murza katantanwa, don ya tafi da tsininsa a gaba. Ana auna murɗin da inci: idan aka ce 1:12, harsashi na juyawa sau ɗaya a tafiyar inci 12. Gwargwadon tsawon harsashi, gwargwadon saurin juyin da yake bukata. Tsawo ne abin dubawa kafin nauyi, kuma tun 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Greenhill, ya fitar da ƙa'idar.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. Bindigarsu M16 da 1:14 ta fara. Da aka gwada ta cikin sanyin Alaska, inda iska ke da kauri, sai harsashin ya riƙa tangaɗi, dole a 1963 aka mai da ita 1:12. Da NATO ta karɓi harsashin Beljiyam mai suna SS109 a 1980, wanda ya fi tsohon tsawo kuma ya kai giram 4 maimakon kusan 3.6, sai aka sake matse murɗin zuwa 1:7 a M16A2, musamman saboda harsashi mai wuta a bayansa da ake harbawa da dare, wanda ya fi kowanne tsawo. A wannan bututu juyin harsashi yana kai wajen sau 300,000 a minti. Tsohon harsashin da sabon kuwa duk lamba ɗaya, 5.56, wato faɗin ramin bututun a milimita, aka rubuta a jikin akwatinsu.

To zuba sabon harsashin a tsohon bututun 1:12 ka gani. Zai shiga lafiya, zai tashi da ƙara yadda aka saba. Amma je ka dubi takardar da aka auna: maimakon huda zagayayya, sai ka tarar da doguwar yaga mai siffar harsashin a kwance, domin a kaikaice ya iso. Na ga an sa kurtu tsallen kwaɗo a rana kan laifin rashin iya saiti, alhali yaron bai yi komai ba, akwatin da aka buɗe masa ne bai dace da bindigarsa ba. A fili takarda ce ta yage. A cikin gari kuwa, harsashin da ya kauce kan mai tallar ƙosai zai iya sauka.

Ɗakunan ajiyar makamanmu cike suke da bindigogi daga ƙasashe daban-daban, na shekaru daban-daban. Roƙona ga masu sa hannu a takardun saye shi ne su tambayi murɗin bututun bindigogin da ke hannu kafin su yi odar harsashi, sannan a buɗe akwati ɗaya daga kowane kaya a gwada a kan takarda a mita 100 kafin a raba wa yara.

Naka,
Tsohon saje mai ritaya,
Kaduna