Kun yabi kofi, kun manta da abin da ke cikinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku kan kayan tangaran na Turai, na kuma ga hotunan kofunan shan cakulan masu ruwan zinariya a baki. Sun yi kyau, ba musu. Sai dai an yi ta yabon kofi, ba a ce uffan ba kan abin da ake zubawa a ciki.

Koko ba amfanin gonar Turai ba ne. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko ke shan sa da ɗacinsa, har da barkono, tun kafin Sifaniyawa su ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521. Sifaniyawan ne suka kai shi gida, suka sa masa sukari, ya zama abin shan fada. Daga nan aka shiga neman mazubi na ƙasaita. A lokacin daga Sin ake kawo tangaran da ɗan karen tsada. Augustus, mai mulkin Saxony a ƙasar Jamus ta yau, ya tsare wani Böttger da ke da'awar haɗa zinariya. Zinariya dai ba ta samu ba, amma ya gano sirrin tangaran, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Faransa ma ta kafa tata a Sèvres a 1756. Har faranti aka ƙera mai gurbi a tsakiya don kada kofi ya zame wa uwargida tana kurɓa a kan gado. Gata ke nan!

To sukarin fa? Yawancin na Faransa daga Saint-Domingue yake zuwa, wato Haiti ta yau, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke mutuwa a gonakin rake. Koko na Benezuwela ma bayi ne suka noma shi. Bayan an ce an hana bauta, aikin tilas ya ci gaba a tsibirin São Tomé, har kamfanin cakulan na Cadbury ya daina sayen kokon can a 1909.

Mu nan Gana abin ba labari ba ne a wurinmu. Tun da wani ɗan ƙasar nan, Tetteh Quarshie, ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879, 'yan arewa da dama suka gangaro Kurmi yin ƙwadago a gonakin koko. Yau Gana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma ɗan manomi sai ya girma bai ɗanɗani cakulan mai tsada ba.

Don Allah idan kaka ta yi, ku tura wakilinku yankunan noman koko na Sefwi ko Ahafo, ya tambayi manoma nawa ake sayen buhu a hannunsu, ku buga amsar kusa da hotunan nan.

Naku,
Mai karatu daga Zangon Kumasi