Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Amurka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ƙanwarka ta nuna mana hotonka cikin ɗaliban da suka fita zanga-zanga a jami'arku, kuma tun daga ranar mahaifiyarka ba ta yi barcin kirki ba.

Na san za ka ce ni ne na zaunar da kai a zaure ina ba ka labarin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerarta ta bar wa farar fata a cikin bas a birnin Montgomery a 1955, har baƙaƙen fatar garin suka shafe kwana 381 ba su hau bas ɗin ba. Ban yi nadamar koya maka ba, domin a kan gaskiya suka tsaya, kuma daga wahalarsu aka samu dokar 1964 da ta haramta wariya, da ta 1965 da ta kare musu haƙƙin zaɓe. Sai dai mutanen nan ba da ka suka fita ba. Suna da majami'u da lauyoyi a bayansu, an horar da su yadda za a dake su ba su rama ba, kuma ƙasarsu ce, kai kuwa baƙo ne mai bizar karatu.

Duk da wannan shiri, a 1964 an kashe ɗan fafutuka James Chaney da abokan aikinsa biyu a jihar Mississippi saboda aikin yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe, sai bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu. Ranar 4 ga Mayun 1970 dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State, biyu daga cikinsu ma ba sa cikin zanga-zangar. Waɗannan biyun su ne ke hana ni sukuni. Idan aka bugo mini waya cikin dare, wa zai yi maka wanka, wa zai sallace ka? Ka manta abin da ya sami kawunka, ko kuwa gonar da muka rabu da ita ce ba ta dame ka ba?

Ka yi haƙuri da zafin maganata, ban ce zuciyarka ta ɓace hanya ba. Ka nisanci taron, ka kammala karatunka, ka kuma kira mahaifiyarka ranar Juma'a ta ji muryarka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.