Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi a Wasannin Jami'o'in Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani batu da za a ɗauka ya yi mana nisa, alhali ya fara shigowa gidajenmu a nan Kaduna. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida tare da ɗansa, saurayi dogo ƙaƙƙarfa, ya ce wani mutum ya ga yaron yana atisaye a Murtala Square, ya yi masa alkawarin gurbin karatu a wata jami'ar Amurka domin ya buga musu zari-rugar da su Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa, har ya ambata masa kuɗin da zai riƙa samu. Uban ya ce, "Malam, ni dai abin da na sani shi ne laifi ne a ba ɗalibi kuɗi a can, to yaya wannan yake mana alkawarin daloli?" Amsar tambayar ta fi ƙarfin zama ɗaya, kuma na san akwai iyaye da yawa da za ta amfana.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka ita ce NCAA, wadda aka kafa a 1906. Fiye da shekara ɗari tana riƙe da ƙa'ida guda, cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne mai wasa don sha'awa, saboda haka ba shi da hakkin komai sai tallafin karatu da abinci da wurin kwana. Wannan ƙa'ida tana da ma'ana a zamanin da wasan bai wuce nishaɗin ɗalibai ba. Amma wasan ya girma ya zama kasuwa, har filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000, kuma a 2022 rukunin jami'o'in Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da gidajen talabijin ta sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Kocin Jami'ar Alabama, Nick Saban, yana karɓar fiye da dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya. Yaron da ake karya wa ƙafa a fili, wanda sau da yawa daga gidan talakawa ya fito, shi ne kaɗai aka haramta wa taɓa kuɗin. Duk inda aka tara dukiya irin wannan aka ce wanda ya tara ta kada ya ɗanɗana, dole a samu masu miƙa masa a asirce, kuma haka aka yi shekara da shekaru.

Shari'ar da aka fi tunawa ita ce ta Jami'ar SMU da ke Dallas a jihar Teksas. Attajiran da ke goyon bayan ƙungiyar sun buɗe wani asusu na ɓoye suna biyan 'yan wasa duk wata. An kama jami'ar an ja mata kunne a 1985, amma biyan bai tsaya ba, domin bincike ya nuna an raba kimanin dala 61,000 ga 'yan wasa 13 bayan wannan gargaɗi. A 1987 NCAA ta yanke mata abin da 'yan jarida suka laƙaba wa suna hukuncin kisa, wato ta soke mata kakar wasa gaba ɗaya, ita kuma jami'ar ta fasa buga ta 1988 saboda 'yan wasanta sun watse. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne, gwamnan Teksas na lokacin, Bill Clements, wanda ya shugabanci majalisar gudanarwar jami'ar, ya fito ya amsa da bakinsa cewa yana cikin waɗanda suka amince a ci gaba da biyan, bisa hujjar cewa an riga an yi wa yaran alkawari. Ya ƙarasa wa'adinsa na gwamna har zuwa 1991. Ƙungiyar kuwa ta shafe shekara ashirin tana rarrafe, sau ɗaya kacal ta gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara a tsawon wannan lokaci. Ganin irin ɓarnar da hukuncin ya yi, NCAA ba ta sake aiwatar da shi a kan wata babbar ƙungiyar zari-ruga ba, kuma manyan jami'o'i sun lura da hakan.

Daga nan ne matsalar da nake son masu karatu su duba ta fito fili, wato wane ne hukunci yake sauka a kansa. A 2005 Reggie Bush na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya lashe kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Daga baya aka gano cewa wasu dillalai masu fatan zama wakilansa sun ba shi kuɗi, sun kuma zaunar da iyayensa a wani gida ba tare da biyan haya ba. Bincike ya ja har zuwa watan Yuni na 2010 kafin a yanke hukunci: an hana jami'ar wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, an rage mata guraben tallafin karatu 30, an kuma soke nasarorin da ta samu da shi. A lokacin Bush ya daɗe da zama ƙwararren ɗan wasa a New Orleans, shi kuma kocinsa Pete Carroll ya koma horar da ƙungiyar ƙwararru ta Seattle tun watan Janairu na shekarar. Waɗanda suka sha ukubar yara ne da suke sakandare lokacin da aka aikata laifin, da wasu talatin da ba a san sunayensu ba, waɗanda da sun samu karatu kyauta amma gurabensu suka salwanta. Ni da na yi shekaru ina hukunta ɗalibai, na san cewa ranar da ka bugi wanda bai yi laifi ba saboda mai laifin ya riga ya gama makaranta, daga ranar ajin ya daina ganin girman bulalarka.

Ko daidaito ma babu. A watan Disamba na 2010 aka dakatar da 'yan wasa biyar na Jami'ar Jihar Ohio saboda sun sayar da zobba da riguna da aka ba su kyauta, kayansu na kansu, sun kuma samu rangwame a shagon mai zanen jiki. Dakatarwar ta wasa biyar ce, amma sai aka ce za ta fara aiki a kaka mai zuwa, aka bar su suka buga babban wasan Sugar Bowl a Janairu 2011, wasan da kowa ya san irin kuɗin talabijin da ke kansa. A cikin wannan wata na Disamba kuma hukumar ta tabbatar da cewa mahaifin Cam Newton, ɗan wasan Jami'ar Auburn, ya taɓa neman kuɗi daga mutanen Jami'ar Jihar Mississippi domin ɗansa ya je can, kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala 180,000. An dakatar da yaron, kashegari aka wanke shi, saboda ba a samu shaidar cewa shi ko jami'arsa ta Auburn sun san da maganar ba, ya ci gaba da wasa har suka ɗauki kofin ƙasa. Ban ce an yi kuskure da aka wanke shi ba, domin ba a hukunci sai da shaida. Sai dai mai kallo daga gefe zai ga cewa ma'aunin yana sauyawa gwargwadon wanda aka ɗora a kai da kuma wasan da ke tafe.

Wani ɓangare na wannan rauni daga tsarin hukumar ya samo asali. NCAA ƙungiya ce ta jami'o'in da kansu, ba hukumar gwamnati ba, don haka ba ta da ikon tilasta wa attajiri ko dillali ya zo ya ba da shaida bisa rantsuwa. Wanda take iya matsa wa lamba shi ne ɗalibi, tunda tana iya hana shi wasa, sai kuma koci. Yawancin manyan badaƙaloli 'yan jarida ne suka tono su, ko wani da aka ɓata da shi ya fasa ƙwai. Haka ta faru a Jami'ar Miami a 2011, inda wani attajiri mai suna Nevin Shapiro, yana gidan yari bisa laifin damfarar dala miliyan 930, ya bayyana irin kyaututtukan da ya ce ya yi wa 'yan wasa da dama. Da masu binciken NCAA suka rasa hanyar samun shaida, sai suka biya lauyar Shapiro domin ta yi amfani da shari'ar karayar arzikinsa ta yi wa shaidu tambayoyi a madadinsu. A farkon 2013 shugaban hukumar, Mark Emmert, ya fito ya amsa cewa ma'aikatansa sun saɓa ƙa'ida, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Kotuna ne suka kawo ƙarshen tsohon tsarin. A watan Yuni na 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu a kan cewa NCAA ba ta da hurumin taƙaita alfanun da ya shafi karatu da jami'a za ta ba ɗan wasa, kuma mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da cewa irin wannan tsari da ya zama haramtacce a kusan kowace sana'a a ƙasar. Daga ranar 1 ga Yuli na shekarar aka halatta wa ɗalibi ya samu kuɗi ta hanyar talla da sunansa da hotonsa. A 2024 aka mayar wa Reggie Bush kyautarsa ta Heisman, wadda ya rasa saboda wancan laifi. A Yuni 2025 kuma wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da zai sa a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba kusan dala miliyan 20.5 ga 'yan wasanta kai tsaye a shekarar farko. Ba na cewa komai ya gyaru, domin attajirai har yanzu suna fakewa da sunan talla suna sayen 'yan wasa, kuma ƙananan jami'o'i ba za su iya gogayya da manya ba. Amma ko hukunci ya fara sauya alƙibla: a 2023, da aka samu Jami'ar Tennessee da laifuffuka fiye da 200, an ci ta tarar dala miliyan 8, an sa wa tsohon kocinta Jeremy Pruitt takunkumi a aikin horar da 'yan wasan jami'a na shekara shida, aka bar yaran da ba su ji ba su gani ba suka ci gaba da wasansu.

Edita, kada wani ya ce wannan ciwon Amurkawa ne kawai. Mu namu sunansa sojojin haya. Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai gasar makarantu ya san yadda ake ɗauko wanda ba ɗalibi ba, a yi masa katin shaida cikin dare, a damƙa masa ɗan abin da aka yi ciniki bayan wasa. Na taɓa kai ƙara a kan wata makaranta da ta sa mana wani matashi da na sani sarai yana aikin walda a Panteka. Kwamiti ya zauna, aka tabbatar, aka kori yaron daga gasar tare da tozarta shi a gaban jama'a, aka kuma cire ƙungiyar baki ɗaya, har da 'yan aji huɗu da suka yi wata uku suna atisaye da gaskiya. Malamin da ya ɗauko shi da shugaban da ya sa hannu a katin babu wanda aka ce wa uffan, kuma shekara ta zagayo na same su a kan teburin manyan baƙi. A matakin ƙasa ma mun ɗanɗana, tunda a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, kuma matasan da suka rasa damarsu a waɗannan shekaru ba su ne suka cike takardun ba.

Don haka ina kira ga masu shirya gasar jami'o'i ta NUGA da ma'aikatun ilimi da na wasanni a jihohinmu su ɗauki abu biyu daga wannan tarihi. Na farko, a rubuta a fili abin da ɗalibi ɗan wasa ya cancanta, alawus ne ko sassaucin kuɗin makaranta ko kuɗin magani idan ya ji rauni, a biya shi ta ofis da rasit, domin abin da aka hana a sarari shi ne yake komawa hannun dillalai. Na biyu, idan an kama maguɗi, a fara da babban da ya sa hannu, a yanke hukunci kafin gasar ta ƙare, kada a jira sai masu laifin sun samu canjin wurin aiki.

Shi kuwa tsohon ɗalibin nawa, na shaida masa cewa biyan ɗan wasa ya halatta a can yanzu, amma bizar karatu da ake ba ɗalibin ƙasar waje tana taƙaita masa aikin samun kuɗi, saboda haka alkawarin daloli ga yaron da zai tashi daga Kaduna abu ne da sai an tantance shi da kyau. Na ce masa tallafin karatu na gaskiya daga jami'ar yake fitowa a rubuce, da sunan koci da adireshin da za a iya tuntuɓa, kuma kada ya ba kowa ko sisi da sunan kuɗin fom. Mun nemi mutumin ya kawo mana wannan takarda, ya ce a ba shi mako biyu. Yau wata na biyu ke nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, yaron kuma ya koma shirin jarrabawarsa ta WAEC.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Tsohon malamin wasanni,
Tudun Wada, Kaduna.