A Waiwayi Matan da Ke Yi Mana Raino a Katsina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina, shekarata 17 ina riƙe da alli, kuma Allah Ya ba ni 'ya'ya huɗu. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasu mata da ban taɓa jin an ambace su a jarida ko a rediyo ba, alhali da za su wayi gari su ce sun gaji, da ajujuwa da ɗakunan jinya da yawa a garin nan sun kwana babu ma'aikata. Masu raino nake nufi.

A lungunmu, can wajen Ƙofar Marusa, akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun yi aure. Daga ƙarfe bakwai na safe za ka ga mata na shiga gidanta da goyo, suna fitowa da zanen goyo a ninke a hannu. Wata malama ce, wata shara take yi a asibiti, wata tuyar awara take a bakin makaranta, wata kuma ɗaliba ce da aka yi wa aure kafin ta ƙare karatu. Yanzu haka yara tara ne a hannunta. Ƙaraminsu watansa biyar, babbansu bai cika shekara huɗu ba. 'Ya'yana huɗun nan duk a tsakar gidanta suka koyi zama, a kan tabarmarta suka yi rarrafe. Ranar da hutun haihuwata na fari ya ƙare, na kai mata jariri ɗan wata uku ina hawaye, ta karɓe shi ta ce, "Ke ɗiyata, tafi aikinki. Wanda Ya ba ki shi, Shi ke tsaronsa."

Gidan Gwaggo ba shi da allon suna, ba rasit, ba takardar yarjejeniya. Kuɗin raino kuwa "abin da ya sawwaƙa" ne. Wasu na ba ta a ƙarshen wata, wasu su ce sai albashi ya shigo, wasu su yi shiru har ta ji kunyar tambaya. Kada in wanke kaina, ni ma na taɓa riƙe mata na wata biyu, ban kuma taɓa riƙe wa mai Napep ɗin da ke kai ni makaranta ko na kwana ɗaya ba, don shi zai yi magana, ita kuwa ba za ta yi ba. A ƙa'ida kowace uwa za ta zo da kunun ɗanta a filas. To idan wata ta zo hannu rabbana fa? Gwaggo ba za ta ba yara takwas ta bar ɗaya yana kallon bakinsu ba. Sai ta shiga tukunyarta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowa ya san inda farashin gero da gawayi da sabulu ya kai, amma abin da muke miƙa mata bai motsa ba sai kaɗan. Ita ke wanke masu kashi, ita ke rarrashi, ita ke hana wannan zuwa bakin murhu tana janye wancan daga randa, daga safe har la'asar, tana da shekaru sama da sittin.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru a daminar da ta wuce. Wani yaro ɗan wata takwas ya fara gudawa. Gwaggo ta ce haƙori ne. Uwarsa ma ta ce haƙori ne, don haka kakarta ta gaya mata. A kwana na uku idanunsa suka faɗa, ya daina karɓar nono, aka kwashe shi zuwa asibiti da dare. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma washegari uban ya zo ƙofar gidan Gwaggo yana ɗaga murya, wai ta so ta kashe masa ɗa. Mutumin da ban taɓa ganin ya leƙo gidan ba tun da aka fara kawo yaron, ban kuma ji an ce ya taɓa aiko mata ko da goro ba. Ta yini ba ta ci abinci ba, ta ce daga ranar ta daina raino. Sai da mu iyayen muka taru muka ba ta haƙuri, ba don tausayinta kaɗai ba, gaskiya har da tunanin inda za mu kai namu.

Ni ban ga laifin Gwaggo ba. Ilimin da ta gada daga iyayenta da shi ta raini yara masu yawa, kuma mafi yawansa ilimi ne mai kyau: ta san kukan yunwa, ta san na barci, ta san yaron da jikinsa ya yi zafi tun kafin uwar ta lura. Abin da ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa zama ya koya mata. Ba a taɓa gaya mata cewa gudawa na ƙarar da ruwan jikin jariri cikin ɗan lokaci ba, ko cewa ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, da ƙwayar zinc, waɗanda ba su kai kuɗin katin waya ba, su ne abin da za a fara ba shi kafin a kai ga asibiti. Yanzu ta sani, amma da tsada ta koya.

Abin mamaki shi ne ma'aikatan lafiya suna wucewa ta ƙofarta. Lokacin allurar shan-inna suna shiga su ɗiga wa yara, su yi rubutu da alli a bango su wuce. Da damina masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, suna bi gida gida kowane wata. Ke nan hanyar a buɗe take. Me zai hana ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na unguwa ta ware rana ɗaya a wata ta zauna da irin su Gwaggo na awa guda? Yara tara ne a wuri ɗaya, ba sai an bi gidaje tara ba. Ta duba katin rigakafin kowa, ta ga wanda bai samu allurar sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu ba, ko ta ƙyanda ta wata tara. Ta bar mata ORS. Ta koya mata amfani da tef ɗin nan mai kala uku da ake auna damtsen yaro, wanda idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani. Ba ya buƙatar iya karatu, ido kawai yake so.

Kuma maganar tamowa ba almara ba ce a jihar nan. Ƙungiyar agaji ta likitocin ƙasa da ƙasa, MSF, ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina a watanni shida na farkon 2025 saboda rashin abinci mai gina jiki, da yawansu an kai su a makare. Ga mata da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, suna zaune a kangaye a gefen gari, suna fita wankau da aikatau tun safe. Su ko Gwaggon ma ba su da ita. Yarinya 'yar shekara takwas ake bar wa ƙanne uku.

A nan zan yi magana a matsayina na malama. Duk shekara ina da yara mata a aji da ke zuwa bayan an yi tara, ko su zo Litinin su ɓace sai Alhamis. Idan ka bincika, raino ne. Akwai wadda ta riƙa zuwa da ƙaninta a baya, tana rubutu tana jijjiga shi, har ta gaji ta daina zuwa gaba ɗaya, ga ta da ƙwaƙwalwar lissafi. Mu kuma da ake kira 'yan boko, sai mu aika ƙauye a kawo mana 'yar raino, yarinyar da ita ma raino take buƙata, mu ɗora mata jariri mu tafi koyar da 'ya'yan wasu. Na ga abokan aikina da yawa sun yi, ni ma na kusa yi, Gwaggo ce ta fisshe ni. Duk unguwar da babu mai raino babba da aka yarda da ita, karatun wata yarinya ne ke biyan kuɗin.

Wani zai ce ai akwai dokoki. Akwai. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai haihuwa hutun sati goma sha biyu, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana ta shayar da ɗanta a lokacin aiki. Likitoci kuma suna cewa nono zalla har wata shida. To ina yaron yake da za a shayar da shi cikin rabin awa, idan yana Ƙofar Marusa uwar tana bayan Ƙofar Ƙaura? Maƙwabtanmu na Kaduna sun mayar da hutun ma'aikatansu mata wata shida tun 2019. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, mu shida masu goyo muka roƙi a ba mu wani ɗaki da aka cika da karyayyun kujeru, mu share, mu ɗauko mai raino da kuɗinmu. Aka ce za a duba. Har na bar makarantar kujerun na nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma an sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, amma wannan na masu shekara biyar ne. Tsakanin wata uku da shekara biyar fa, a hannun wa suke? Wuraren raino na kuɗi da ake buɗewa a sababbin unguwanni ban ƙi su ba, sai dai mai tuyar awara ba za ta iya ba.

Ba na roƙon gwamnati ta gina wani katafaren gini a yanke ƙyalle. Ina ma tsoron ranar da za a gano su Gwaggo, a zo masu da fom da kuɗin rajista da haraji, su rufe ƙofa. Abin da ake buƙata yana kusa. Mai unguwa ya san kowane gida da ake raino a ƙasarsa, shi zai iya haɗa su da asibitin unguwa. Kwalejojin ilimi irin su ta tarayya da ke nan Katsina da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa kowace shekara, kuma a tsarin NCE, wato karatun shaidar malanta, akwai fannin kula da ƙananan yara. Da za a turo biyu su riƙa zuwa gidan Gwaggo, su koya wa yara wasa da waƙa da ƙirga, ita ta samu ta miƙe bayanta, su kuma su koyi abin da ba ya cikin littafi. Kwamitocin masallatai da ke tara kuɗin gyaran lasifika da sayen janareta, su tuna murfin rijiya da gidan sauro da tabarma a gidan da yaran unguwa tara ke yini. Masu fitar da zakka su ma su leƙa, don mafi yawan matan nan zawarawa ne da tsofaffi marasa ƙarfi.

Malamanmu kuma su taimaka mana da maza. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatar da mai shayarwa a kan uba, ta kuma ce idan za a ba wata ta shayar, a biya ta abin da aka yi alkawari da kyautatawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa, kuma har yau da girmamawa muke ambaton sunanta. Amma a gidaje da yawa kuɗin raino daga ɗan abin da matar ta samu yake fita, maigida bai ma san nawa ne ba, tunda a ganinsa ita ta ce za ta yi aiki. Albashin nata kuwa da shi ake cefane.

Mu dai a lungunmu mun fara ɗan abin da za mu iya. Bayan abin da ya faru da damina, mu tara muka zauna muka yanka kuɗi tsayayye, kowa ta kawo kafin biyar ga wata, ɗaya daga cikinmu ke karɓa ta kai, don kada Gwaggo ta sake tambayar kowa. Muna zuba wani ɗan adashi daban na garin kunu, gero da gyaɗa da waken suya, a niƙa a ajiye mata. Wadda ke aiki a asibiti ta samo tef ɗin awon damtse ta koya mata. Mun kuma ɗauko mata wata bazawara daga cikin waɗanda suka gudo daga Batsari tana taya ta, tana zuwa da nata yaran biyu, ana ba ta wani abu. Ba a rasa ƙorafi ba, wata ma ta janye ɗanta ta ce kuɗin ya yi yawa. Amma Gwaggo yanzu tana samun yin azahar a kan lokaci.

Malam Edita, idan kana da wakili a Katsina, ka turo shi wata safiya da ƙarfe bakwai, ko ma wakiliya don ta samu shiga har ciki. Ba sai lungunmu ba, ta tambaya a Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Sauri, za a nuna mata gida irin wannan. Na gaya wa Gwaggo zan rubuto maka. Ta yi dariya ta ce ita ba ta son a sa ta a jarida, amma in masu jaridar za su zo, su taho mata da fo guda biyu, don ɗayan ya fashe.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Taka mai karatu,
Wata malamar firamare,
Ƙofar Marusa, Katsina.