Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Kalmomi: Sunayen Abubuwan Yi a Dandalin Shaƙatawa

Shugaba, dattawan ƙungiya da sauran 'yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Babban taron bara ya ɗora wa wannan kwamiti nauyin tattarawa da daidaita kalmomin da masu fassara da 'yan jarida daga cikinmu za su riƙa amfani da su idan ana maganar manyan dandalin shaƙatawa da ake ginawa a kan jigo guda. Mun ɗauka aiki ne na sha yanzu magani yanzu, sai ga shi ya cinye mafi yawan zamanmu na shekara, kuma silar hakan kalma ɗaya ce tak, wato lilo.

Da muka duba fassarorin da mambobi suka aiko, mun tarar duk abin da baƙo zai yi a dandali lilo ake kiransa, ko da kwalekwale ne a kan ruwa ko zauren kallo. Masu sana'ar sun daɗe da rarrabewa. Kamfanin Disney, wanda ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, ya fi son kalmar "attraction" a kan "ride", domin ta farkon ta haɗa abin da ake hawa, da wasan da ake zama a kalla, da gidan da ake zagayawa a ƙafa. Kwamiti ya amince "abin jan hankali" ya zama uwa, sauran su zama rassa. Dattijuwar da ta rako jikokinta, in ta karanta cewa lilo kawai ake yi, sai ta nemi benci ta zauna gadin jakunkuna, alhali akwai fareti, da wasan wuta da dare, da ɗaukar hoto da masu shigar 'yan wasan katun, duk ba tare da ƙafarta ta bar ƙasa ba.

An kai ruwa rana a kan reshen farko. Wani mamba ya tunatar da mu cewa Bahaushe in ya ji "abin hawa", mota ko babur ke zuwa masa a rai, kuma gaskiya ya faɗa, don haka muka tsaya a kan "abin hawa na wasa". Jirgin nan mai bin dogo, mai hawa sama ya gangaro a guje, shi ya fi wahalar da mu, kuma ba mu kaɗai ba: Faransawa suna kiransa duwatsun Rasha, saboda tudun ƙanƙarar da Rashawa ke zamewa a kai tun ƙarni na 17, su kuma Rashawa suna ce masa duwatsun Amurka, inda LaMarcus Thompson ya kafa nasa a Coney Island da ke birnin New York a 1884. Ganin kowa ya jingina wa maƙwabcinsa, mun zaɓi sunan da ke faɗin aikin abin: "jirgin hawa-da-gangara". Katafariyar tayar da George Ferris ya gina wa baje kolin Chicago a 1893 kuwa ta riƙe lilonta, ta zama "lilon taya".

Mun ƙi amincewa da "hawan duhu" da wasu ke rubutawa. Abin da ake nufi shi ne ƙaramar mota ko kwalekwale da ke ratsa cikin gini daga wannan fage na labari zuwa wancan, kuma sau da yawa wurin cike yake da fitilu da launuka. Mun ba shi "hawan cikin labari".

Akwai kuma kalmomin da ke auna darajar abu. Disneyland ta taɓa sayar da tikiti masu haruffa, inda tikitin E, da aka ƙaro a 1959, yake na manyan abubuwan da kowa ke rububi. An daina tsarin a 1982, amma har yau masu sana'ar na cewa abu kaza "tikitin E" ne. Shawararmu ita ce mai fassara ya rubuta "babban abin jan hankali", ya bar harafin sai in tarihin ake bayarwa. Haka kuma mun bi masu sana'ar wajen kiran maziyarta baƙi.

Abu biyu ba mu kammala ba. Ba a cimma matsaya ba a kan ɗakin kallon da kujerunsa ke motsi daidai da majigi, domin wasunmu na ganinsa kallo, wasu hawa. Sannan ƙaramin littafin da muka yi alkawari bai je maɗaba'a ba, saboda kuɗin ƙungiya da ake bin wasu mambobi. Sakataren kwamiti zai raba kwafin jerin kalmomin bayan wannan zama, kuma muna roƙon duk mai gyara ya miƙo shi a rubuce kafin taro na gaba.