Ba rowa nake wa 'yata ba, cutar PKU gare ta

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata cutar gado da ba kasafai ake jin sunanta ba, fenilketonuriya, ko PKU a taƙaice. Da ita aka haifi 'yata. Ni da mahaifinta kowannenmu na ɗauke da ita a jini ba tare da wata alama ba, kuma a duk cikin da zan ɗauka, yiwuwar a sake haifar mai ita ɗaya ce cikin huɗu.

Hantarta ba ta iya sarrafa fenilalanin, sinadarin da ke cikin abinci mai gina jiki. In ya taru a jini, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa duk ba ta cin su, shinkafa da dankali ma sai na ɗora a sikeli. Abin da ke gina jikinta wani garin magani ne da ake damawa, tana sha sau da yawa a rana, hanci a toshe saboda warinsa. Lemon da aka rubuta "babu sukari" kuwa sai na duba bayan kwalba, domin aspatam, sinadarin zaƙin da ake zubawa a madadin sukari, yana ɗauke da fenilalanin.

Duk wannan na saba. Abin da ke ci min rai shi ne masu ƙaunarta. "Haba, tsoka ɗaya ce za ta kashe ta?" Sai a faki idona a ba ta. Ba za ta yi amai ba, ba za ta yi ƙuraje ba, mai bayarwa ya tafi yana ganin tsanani ne kawai irin nawa. Ni ce zan gani daga baya: saurin fushi, kasa tsayar da hankali kan karatu, da sakamakon gwajin jini ya hau. Yaron da aka bari ba kulawa kan samu farfaɗiya da naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Tun 1934 likita Asbjørn Følling ya gano cutar a Norway, kuma a farkon shekarun 1960 Robert Guthrie na Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri. Gwajin nan ne ya ceci 'yata, shi ya sa nake roƙon jaridarku ta matsa wa hukumomin lafiya lamba a riƙa yi wa kowane jariri a kwanakinsa na farko.

'Yan uwa da malamai kuma, don Allah kafin ku miƙa wa irin wannan yarinya abin ci, ku tambayi uwarta. Tsarin abincin na har abada ne, kuma ranar da za ta ɗauki nata cikin sai ta ƙara tsanantawa, saboda lafiyar ɗan da ke cikinta.

Wassalam.
Taku, uwar mai ɗauke da PKU.