Abokina, ga amsar maganar rahoton sabar ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙoƙari? Da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya shigo tun satin da ya wuce, ka yi haƙuri da jinkiri, so na yi in samu natsuwa in rubuto maka da kyau don abin nan ni ma ya taɓa ba ni wahala sosai.

Ka ce oga na son rahoton wurin da ya rage a diskin sabobinku (wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan wurin aikinku) duk sati a Excel, ka buga df -h, umarnin Linux mai nuna cikar diski, ka kwafo ka zuba, da ka zo haɗa jimla sai ka ga sifili. To wallahi ba laifin Excel ba ne. Ita -h ɗin don ido aka yi ta, mutum ya ga 1.5G ko 900M ya gane nan take, amma da zarar harafi ya manne a jikin lamba Excel rubutu take ɗaukarsa kamar sunan mutum, SUM kuwa, wato fomular haɗa jimla, tsallake rubutu take yi ba tare da ta ce maka komai ba. In ka ce ta jera daga babba zuwa ƙarami sai 900M ta hau saman 1.2T saboda kawai 9 ta fi 1. Haka ta faru da ni a wurin aikina na da, diskin da ya fi kowanne cika shi ya koma can ƙasan shafi, ba wanda ya kula sai ranar da ya cika maƙil da tsakar dare aka kira ni, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Shawarata ɗaya ce, ka bar ainihin lambar a cikin gidan Excel ɗin, a bayit (ƙaramin ma'aunin girman bayanai), ba harafi ba komai. Ka buga df -B1 --output=target,size,used,avail, zai ba ka dogayen lambobi marasa daɗin kallo, ba komai, su ake so. Wannan --output ɗin ya shigo ne a coreutils (ƙunshin umarnin da df ke cikinsa) 8.21 a 2013, in dai sabar ɗin ba tsohuwa ba ce tukuf za ka same shi. Sai ka sa awk, umarnin da ke sarrafa layukan rubutu, ya raba su da waƙafi ka ajiye a fayil ɗin CSV, irin wanda Excel ke buɗewa kolum-kolum, ka ƙara sunan sabar da kwanan wata a kowane layi, don nan da wata uku su za su nuna maka wane diski ne ke cika da sauri. A Excel kuma ka buɗe wani kolum a gefe ka sa B2/1024^3, wato ka raba lambar bayit ɗin da ke gidan B2 da 1073741824 don ta koma giga, ka bar lamba ɗaya bayan ɗigo. Oga ya kalli wannan, lissafi kuma ya tafi da na ainihin. Kar ka ce za ka yi ta sauƙi da df -BG, sama yake cikawa, giga 1.1 sai ya rubuta maka 2G, in sabobin suna da yawa jimlar ta tashi daga gaskiya.

Sai maganar da ta fi jawo musu, 1000 ko 1024. Masu ƙera diski da 1000 suke lissafi, tera ɗaya a wurinsu bayit 1,000,000,000,000 ne, shi ya sa in ka jona diskin tera ɗaya df -h zai nuna maka kusan 931G, mutum ya zata an cuce shi alhali ma'aunin ne ya bambanta. A giga bambancin kusan kashi 7 cikin ɗari ne, a tera ya kusa kashi 10, ka ga ba ƙaramin abu ba ne in da rahotonka za a yanke shawarar sayen sabon diski. Tun 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta ware wa na 1024 sunayensu, KiB, MiB, GiB, don a daina cakuɗawa. Ƙaramar -h da 1024 take aiki, babbar -H da 1000. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman kolum ɗin, ni dai GiB nake sawa tunda shi ya yi daidai da abin da nake gani a kan sabar. In kuma wani ya koya maka dabarar sa waƙafi a fomat ɗin lamba irin 0.0,,, ka sani kowane waƙafi da 1000 yake rabawa, GB zai ba ka ba GiB ba.

Wani abu da na san oga zai tambaye ka, me ya sa wanda aka ci da wanda ya rage ba sa cika girman diskin. A ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, ana ware wa root, wato babban asusun mai kula da sabar, kashi 5 cikin ɗari tun wajen yin fomat sai in an canza, ka rubuta wannan a ƙasan shafin tun kafin ya tambaya.

Ka gwada da sabar ɗaya tukuna ka turo min fayil ɗin in duba maka layin awk ɗin. Ka gaishe min da madam da yara, Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum.